Yadda Ake Rainon Ƙaton Karen Gadin Garke da Horar da Shi, Mataki-mataki

Tambayar da masu karatu suka fi maimaitawa a kan manyan karnukan gadin dabbobi ita ce yadda ake koya wa kare ya kori kura ko kyarkeci ko ɓarawo daga garke. Amsar ita ce ba a koya masa. Gadi a jininsa yake, kuma zai bayyana da kansa idan lokacinsa ya yi. Abin da ya rataya a wuyan mai kare shi ne ya sa kwikwiyon ya shaƙu da dabbobin tun yana ƙarami, ya hana shi mayar da su abin wasa a watannin da ƙuruciya take ɗibarsa, sannan ya tabbatar cewa dabbar da za ta kai kilo 50 ko 60 tana yarda mutum ya kama ta, ya buɗe bakinta, ya sa ta a mota. Wannan aiki yana cin wata 18 zuwa 24. Wanda ake yi wa ɓarna a garke a wannan makon ya sani cewa kwikwiyo ba zai fisshe shi ba, sai dai ya nemi babban kare da ya riga ya ƙware, ko ya ƙarfafa wurin kwanan dabbobinsa kafin ƙaramin ya girma.

1. Ka tabbatar kare ne maganin matsalarka

Karen gadi daban yake da karen kora. Karen kora, irin su Border Collie, shi ne yake tara dabbobi ya juya su inda makiyayi ya nuna. Karen gadi kuwa a tsakiyar garke yake zama, yana kwance mafi yawan yini kamar ba ya tsinana komai, idan dare ya yi ya tashi yana zagaye yana haushi. Yawancin nasararsa ba da faɗa yake samun ta ba, da haushi ne, da fitsarin da yake yi a bakin iyaka, da tsayawa tsakanin garke da duk abin da ya doso shi. Saboda haka mai maƙwabta kusa ya sa haushin dare a lissafinsa tun kafin ya saya, domin babu horon da zai cire shi ba tare da ya lalata aikin ba. Wanda ba shi da dabbobi ko ɗaya, girman karen ne kawai ya burge shi, gara ya haƙura: kare irin wannan idan ya rasa garke yakan ƙirƙiro wa kansa aiki, aikin kuma yakan zama tonon rami, tsallake katanga da tare baƙi a ƙofa.

Gargaɗi: ka binciki dokar inda kake kafin ka biya ko sisi. Ƙasar Danmak, alal misali, ta haramta irin karnuka 13 tun 2010, ciki har da Kangal da karen Kaukasus da na Asiya ta Tsakiya. A wurare da yawa kuma duk ɓarnar da kare ya yi wa mutum ko dabbar wani, mai shi ne zai biya.

2. Shinge kafin kwikwiyo

Kuskuren da ya fi kashe waɗannan karnuka shi ne a kawo su kafin a gama shinge. Karen gadi ba ya ganin iyakar gonarka a matsayin iyakarsa, yana faɗaɗa ta ne har inda ƙafarsa ta kai, kuma a can ne mota take buge shi, ko ya ci guba, ko wani ya harbe shi. Shingen ya zama na ragar waya mai ƙarfi, tsawonsa kada ya gaza mita 1.5, mita 1.8 ya fi. Ta ƙasa aka fi samun matsala, domin sun fi son tono a kan tsalle: a binne gindin ragar, ko a shimfiɗa wata a ƙasa ta ciki kamar faɗin rabin mita a danne ta. Idan akwai halin sa wayar lantarki, layi ɗaya a sama da ɗaya kusa da ƙasa yana koya wa kwikwiyo girmama shinge tun kafin ya san zai iya ƙetare shi. A duba ƙofofi da kyau, domin ratar da ke ƙarƙashin ƙofa ita ce hanyar fita ta farko da yakan gano.

A cikin wannan babban shinge ake buƙatar ƙaramin wurin killacewa, kamar mita 4 sau 4 da farko, mai inuwa da ruwa, inda kwikwiyon zai fara zama da 'yan dabbobi kaɗan. A kusurwarsa a yi masa maɓoya da katako ko raga, mai ƙofar da shi zai iya shiga amma tunkiya ba za ta iya ba. Nan ne wurin abincinsa, nan ne kuma mafakarsa idan an tunkuye shi.

Mai kiwo a fili inda babu shinge ko kaɗan, shi kansa ne shingen: dole a sami mutum tare da garke kullum har karen ya girma, da dare kuma a killace su wuri ɗaya.

Hattara: sarƙa ba ta maye gurbin shinge. Karen da ya tashi a ɗaure yakan zama mafaɗaci, ba ya shaƙuwa da dabbobi, kuma ba zai iya kare ko kansa ba idan an kawo masa hari.

3. Zaɓen iri da zaɓen kwikwiyo

Sanannun irin su ne Kangal da Akbash daga Turkiyya, Maremma daga Italiya, farin karen tsaunukan Firenis da ke tsakanin Faransa da Sifaniya, Mastin na Sifaniya, Alabai na Asiya ta Tsakiya, da karen Kaukasus. Namijin Kangal yakan kai kilo 48 zuwa 60, tsayinsa a kafaɗa santimita 72 zuwa 78. Namijin Maremma ya fi shi sauƙin nauyi, kilo 35 zuwa 45. A wurin zaɓe, yanayi ne abin dubawa na farko. Masu dogon gashi mai kauri, irin karen Firenis da na Kaukasus, suna shan wahala a ƙasa mai zafi, kuma ƙaya da kaska suna ɓuya a gashinsu. Masu gajeren gashi na Turkiyya sun fi jurewa. Ƙungiyar Cheetah Conservation Fund ta Namibiya tana raba wa makiyaya karnukan Anatoliya, wato na Turkiyya, tun 1994, suna kuma aiki a busasshiyar ƙasa mai zafi. Abu na biyu shi ne yawan mutanen da suke wucewa ta wurinka. Karen Firenis da Maremma galibi sun fi sassauci ga baƙi, Alabai da na Kaukasus kuwa suna buƙatar gogaggen hannu, kuma ba su nake ba wanda bai taɓa riƙe babban kare ba shawarar farawa da su ba.

Sunan iri bai kai iyaye muhimmanci ba. Ka je da kanka ka ga uwar a cikin garke tana aiki, ka ga yadda dabbobin suke kwance kusa da ita hankali kwance, ka tambayi uban. Ka nemi hoton ƙashin ƙugun iyayen idan an yi, domin lalacewar gaɓar ƙugu cuta ce ta gado da ta yawaita a manyan karnuka, kuma ba a ganin ta a jikin ɗan mako takwas. A cikin 'yan kwikwiyon, kada ka ɗauki wanda ya fi kowa rawar kai, mai bin duk abin da ya motsa da gudu, kada kuma ka ɗauki wanda ya maƙale a kusurwa yana kyarma. Wanda ake so shi ne mai natsuwa, wanda idan an yi ƙara zai ɗaga kai ya duba, ya matso ya shinshina, sannan ya koma ya kwanta. Kada a raba shi da uwarsa kafin mako 8, domin a wurinta da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo.

Gargaɗi: ka guji ruwa-biyu tsakanin karen gadi da karen kora ko na farauta, ko da kyauta aka ba ka. Zai iya gadon girman ɗaya da son bin dabba na ɗayan. Kada kuma mai farawa ya ɗauki 'yan ciki ɗaya guda biyu a lokaci guda, domin za su shaƙu da juna su manta da garke, idan kuma ɗaya ya fara bin ɗan rago, ɗayan taya shi zai yi.

4. Lissafin kuɗi da kayan aiki

Kuɗin sayen kwikwiyo shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe. Shinge ne yake cin kaso mafi girma a farko, sai abinci, wanda ba ya yankewa har shekara goma ko fiye. Kare mai kilo 50 yakan ci giram 600 zuwa 800 na busasshen abincin karnuka a rana, wato kusan buhu mai kilo 20 a wata, ya fi haka idan ana sanyi ko yana yawan zagaye. Maganin tsutsa da na kaska da allurar barci a lokacin tiyata duk da nauyin jiki ake auna su, don haka kowace ziyarar likita ta fi ta ƙaramin kare tsada nesa ba kusa ba. Ka ware wani abu na gaggawa, domin kare mai aiki ba ya rasa rauni. Kayan hannu ba su da yawa: abin wuya mai faɗi da lambar wayarka a jiki, gajeriyar igiya, doguwar igiya mai mita 10, takunkumi daidai bakinsa, mataji, abin yanke farce, da kwanon ruwa mai nauyi wanda ba ya kifewa. Na'urar bin sawu da ake maƙalawa a wuya tana da amfani ga mai babban fili.

5. Shaƙuwa da garke, mako 8 zuwa 16

Nan ne gindin aikin duka. A tsakanin waɗannan makonni ƙwaƙwalwar kwikwiyo take yanke hukuncin su wane ne nasa, kuma abin da ya wuce a lokacin yana da wuyar ramawa daga baya. Ranar da ya iso, a wuce da shi kai tsaye wurin killacewa, ba cikin gida ba. Zai yi kuka kwana biyu ko uku, za a kuma sami wani a gidan da tausayi zai kama shi ya ce a shigo da shi ya kwana ɗaya kawai. Kada a yarda. Kwikwiyon da ya ɗanɗana baranda da hannun yara, baranda zai riƙa gadi idan ya girma, garke kuma ya kwana shi kaɗai.

Dabbobin da za a haɗa shi da su suna buƙatar zaɓe. A sa uku zuwa shida, masu sanyin hali, waɗanda suka saba ganin kare in da hali. 'Yan shekara guda ko tsofaffin tumaki marasa 'ya'ya sun fi dacewa. Kada a sa jarirai, domin zai ji musu ciwo da wasa, kada kuma a sa uwa mai sabon ɗa ko rago mai tunkuyi, domin duka ɗaya mai tsanani zai iya sa shi tsoron tumaki har abada. Tunkiyar da za ta buga ƙafa a ƙasa, ta ɗan ture shi idan ya wuce gona da iri, ita ce malamar da ake nema. Bayan kowane mako biyu a canza wasu daga cikin dabbobin, don ya shaƙu da tumaki gaba ɗaya, ba da wasu guda huɗu kawai ba. Idan awaki da shanu ma zai tsare, a wannan lokacin ake nuna masa su.

Ka tsaya daga nesa ka riƙa kallon yadda yake tunkarar su, domin jikinsa yana faɗin komai. Kwikwiyo nagari yakan matso a karkace, kai a ƙasa, kunnuwa a kwance, ido a lumshe, ya lashi bakin tunkiya ko ya shinshina bayanta, wani lokaci ma ya kwanta ya nuna ciki. Idan ya ratsa tsakiyarsu a hankali yake ratsawa, ba mai ɗaga kai daga ciyawa. Alamar da ba a so ita ce ya kafe dabba ɗaya da ido, ya duƙa da ƙafafun gaba, gindi a sama, ya zabura. Raymond Coppinger da matarsa Lorna, waɗanda suka fara nazarin waɗannan karnuka a Kwalejin Hampshire ta Amurka a shekarun 1970, sun taƙaita halin da ake nema a abu uku: amana, wato kada ya cuci dabba, kulawa, wato ya zauna tare da su, da kariya. Biyun farko su ne aikinka. Na ukun yakan biyo baya ba tare da an kira shi ba.

Daga mako 16 a fara faɗaɗa masa wuri sannu a hankali, daga ƙaramin shinge zuwa matsakaici, da ƙarin dabbobi. Idan ya baro garke ya taho ƙofar gida, kada a shafa shi, kada a ba shi abinci a nan. A mayar da shi wurin dabbobi nan take, a can a yaba masa. Za ka yi wannan sau da yawa har ka gaji, kuma babu wata gajeriyar hanya.

A kula: ɗan wata uku ko huɗu abinci ne ga dila da karnukan da ke yawo. Kada a bar shi ya kwana a fili shi kaɗai da sunan yana koyon aiki.

6. Sabo da hannun mutum

Akwai tsohuwar shawara da take cewa kada a taɓa kwikwiyon gadi ko kaɗan don kada ya shaƙu da mutane. Sakamakonta shi ne kare mai kilo 60 da ba a iya kamawa ranar da ƙaya ta shige masa ƙafa ko lokacin riga-kafi ya yi. Abin da ya dace shi ne minti 10 zuwa 15 kullum, a cikin wurin dabbobi, ba a gida ba. Ka taɓa kunnuwansa, ka buɗe bakinsa, ka ɗaga kowace ƙafa ka matsa tsakanin yatsu, ka taje shi, ka kwantar da shi a gefe. Ya saba da abin wuya, da tafiya a igiya ba tare da ja ba, da ɗauri na ɗan lokaci, da takunkumi, da hawa mota. Duk wanda yake aiki da garken, har da yaran gida tare da babba, ya kamata karen ya san shi a wannan lokaci.

Umarnin da ake buƙata kaɗan ne: sunansa, “zo”, “bari”, “zauna”, da “koma” idan ana son ya koma cikin dabbobi. Kada ka sa ran biyayya irin ta karen 'yan sanda. An yi waɗannan karnuka ne don su yanke shawara su kaɗai da tsakar dare, don haka idan yana fuskantar abin da yake ganin barazana ce, kiranka abu na biyu ne a wurinsa. Duka kuma ba ya gyara su. Ko dai ya sa ya daina yarda ka kama shi, ko wata rana ya rama.

Gargaɗi: kada a bar kwikwiyo ya riƙa ɗora ƙafafu a jikin mutum ko kama hannu da baki, ko da wasa ne. Abin da yake ba da dariya a kilo 10 yana kayar da babban mutum a kilo 55.

7. Abinci da lafiya

A nemi abincin da aka haɗa musamman don 'yan kwikwiyon manyan karnuka, a ba shi sau uku a rana har wata shida, daga nan sau biyu har ƙarshen rayuwarsa. Burin shi ne ya girma a hankali. Mutane suna ɗokin ganin ƙato, sai su cika masa kwano su ƙara da garin ƙashi ko ƙwayar kalsiyam, alhali yawan kalsiyam da saurin ƙiba su ne suke lalata gaɓoɓin da ba su gama ƙwari ba. Idan ka shafa gefensa ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba. Raba abinci gida biyu yana kuma rage haɗarin murɗewar ciki, wadda take kama karnuka masu zurfin ƙirji. Alamunta su ne ciki ya kumbura ya yi tauri, kare ya riƙa yunƙurin amai ba abin da yake fitowa, yawu na zuba, ya kasa zama wuri ɗaya. Wannan ba ya jiran gari ya waye, sa'o'i kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa.

Riga-kafin cututtukan karnuka na fabo da distemfa ana fara shi a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Na haukan kare daga mako 12 ne, sabuntawa kuma bisa abin da likitan dabbobi da doka suka ce. Maganin tsutsar ciki yana da muhimmanci na musamman ga karen da yake kwana da tumaki, domin akwai tsutsotsi masu faɗi da suke zagayawa tsakaninsu: kare ya ci ɗanyen kai ko hanta ko huhun tunkiya, ya zubar da ƙwai a kashinsa a kan ciyawa, tumaki su ci. Wata takan yi ƙunshin ruwa a ƙwaƙwalwar tunkiya har ta riƙa zagaye wuri ɗaya, wata a hanta da huhu, kuma wannan ta biyun tana kama mutane. Maganin da yake kashe su a cikin kare shi ne praziquantel, a kan jadawalin da likita ya tsara. A riƙa kwashe mushe da wuri, kada kuma a jefa masa ɗanyen kayan ciki.

Hattara: kwanon kare da komin dabbobi kada su haɗu. Wasu abincin dabbobi da na kaji suna ɗauke da wani magani mai suna monensin, wanda guba ne ga kare. Abincin kare kuma bai dace da tumaki ba, ga shi kare yakan fara cizon dabbobi ne a kan kare kwanonsa. Haka nan kada a aske gashinsa saboda zafi, domin yana kare fata daga rana. A taje mataccen gashin, a wadata shi da inuwa da ruwa.

Batun fiɗiya ko cire mahaifa a tattauna da likita. Jinkirtawa har ƙashi ya gama girma, wajen wata 12 zuwa 18, ya fi wa gaɓoɓi kyau, amma namijin da ba a fiɗiye ba ya fi yawo, karya kuma idan ta shiga lokacin barbara, na kimanin mako uku, sai an killace ta sosai, aikin gadi kuma ya tsaya.

8. Watannin ƙuruciya, wata 5 zuwa 18

A nan ne yawancin mutane suke karaya su sayar da kare. Kwikwiyon da yake kwance lafiya da tumaki sai a wayi gari ya gano cewa idan ya zabura suna gudu, gudun kuma yana masa daɗi. Jikinsa ya kai na babba, hankalinsa na yaro. Alamun suna bayyana a jikin dabbobi kafin ka kama shi da idonka: ɗan rago da kunnensa ya jiƙe da yawu ko ya tsage a baki, gashi a warwatse a gindin shinge, wutsiya mai rauni, garke a takure a kusurwa yana haki da sassafe. Wannan wasa ne, ba farauta ba, amma wasan yana kisa, kuma duk bin da ya yi ba a tsawata masa ba, yana ƙara masa sha'awar na gaba.

Lokutan da ya fi yi su ne sanyin safiya da na yamma, don haka a nan ake sa ido. Ka sa masa doguwar igiyar tana ja a ƙasa, ka tsaya kusa. Da zarar ya kafe ido ya duƙa, kafin ma ya zabura, ka daka masa tsawa da “bari”, ka taka igiyar. Idan ya tsaya ya juyo, ka sassauta murya. Idan ya maimaita, ka kai shi ƙaramin shinge inda yake ganin dabbobi amma ba ya isa gare su, ya huce. Tsawar da ta zo bayan minti biyar ba ta da amfani, domin ba zai haɗa ta da laifin ba. Duk lokacin da ba mai sa ido, a killace shi a gefen garke. Wannan ba koma baya ba ne, hana shi maimaita laifi ne. A fitar da ƙanana da raunana daga inda yake, a haɗa shi da manyan raguna ko awaki masu ƙaho waɗanda ba sa gudu. Sannan a rage masa ƙarfin da yake damunsa: ka zagaya bakin shinge da shi a igiya safe da yamma, wanda zai gajiyar da shi ya kuma nuna masa iyakar da ake so ya tsare. Babban kare da ya ƙware, idan akwai, ya fi kowane mutum iya wannan tarbiyya, domin shi ba ya barin wurin.

Wasu makiyaya suna rataya ɗan guntun itace a wuyan kare don ya riƙa bugun ƙafafunsa idan ya yi gudu. Yana rage gudu, amma yana iya sarƙewa a shinge ya shaƙe shi, don haka ba abin da za a sa a tafi a bar shi ba ne.

Gargaɗi: idan ka tarar da shi a kan mushe, kada ka yanke hukunci nan take. Ka feɗe wurin cizon ka duba. Idan akwai taruwar jini a ƙarƙashin fata, dabbar tana da rai aka cije ta. Idan babu, ta riga ta mutu ya same ta. Karen da ya kashe ɗan rago garin wasa yakan gyaru da tsananin sa ido. Wanda yake laɓaɓawa shiru ya kama maƙogwaro, ko wanda ya haura shekara biyu bai daina ba, ba na garke ba ne, kuma ci gaba da gwada shi asarar dabbobi ce kawai.

9. Lokacin haihuwa, da batun kaji

Haihuwar farko da zai gani jarrabawa ce babba. Jini da mabiyiya da kukan jariri suna ruɗa saurayin kare: wani ya yi ta lasar jaririn har ya raba shi da uwarsa, wani ya ja mabiyiyar tun ba ta gama fita ba ya ji wa uwar ciwo. A shekarar farko ya kalla ta bayan raga, ko a igiya a hannunka. Abin da ake so ya koya shi ne ya kwanta nesa kaɗan ya bar uwa da ɗanta. Sai ya yi haka sau da yawa a gabanka kafin a amince masa shi kaɗai.

Kaji su ne na ƙarshe. Suna fuffuka, suna gudu, kuma taku ɗaya yana kashe su. Karnuka da yawa ba sa zama abin amincewa da su sai sun kai shekara biyu.

10. Sakinsa ga cikakken aiki

Idan ya yi watanni ba a ga alamar wasa a jikin dabbobi ba, a fara barinsa shi kaɗai da rana, sannan dare ɗaya-ɗaya, kana duba garke kowace safiya. Kada ka tsokane shi ko ka sa wani ya yi shigar ɓarawo don ka “tayar masa da zuciya”. Abin da za ka samu shi ne kare mai cizon mutane. Idan ya yi haushi da dare a farkon aikinsa, ka fita ka duba. In akwai dalili ka yaba masa, in babu ka ce ya isa ka koma, da haka yake koyon abin da ya cancanci hayaniya. Baƙo kuma kai za ka gabatar da shi: ka kira karen, ka sa masa igiya, ka tsaya kusa da baƙon kuna magana har ya sassauta. A rataya sanarwa a ƙofa, a kuma gaya wa maƙwabta kada su shigo da nasu karnukan.

Kare ɗaya yana isar ƙaramin garke a cikin shinge. Inda fili yake da faɗi ko duhuwa, ko maharan suna zuwa a ƙungiya, ɗaya ba ya isa, domin yayin da wasu suka janye shi gefe, wasu ta baya suke shiga. Namiji da mace sun fi zama lafiya a kan maza biyu ko mata biyu. Lokacin da ya fi dacewa a kawo na biyu shi ne bayan na farko ya cika shekara biyu ya natsu, don ya taya ka tarbiyya. Wanda kuma yake son gadi ya ɗore ba yankewa, ya kawo magaji tun babban yana shekara biyar ko shida, domin sabon zai buƙaci nasa shekaru biyun, kuma ƙugun manyan karnuka yakan fara gazawa tun kafin su daina son aikin.